Mai Faci, Akwai?

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin da ke bin babban titin nan ya san kiran. Da an gangaro daga gada, kwandasta zai bubbuga jikin mota ya ce, "Mai Faci, akwai?" Mai sauka ya ce akwai, direba ya ja gefe. Haka ake yi tun ina yaro, kuma yawancin masu cewa akwai ɗin ba su san Mai Faci mutum ba ne. To, mutum ne. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma yana raye.

Wata rana na tako daga gada zuwa kasuwa ina ƙirga allunan da ke ɗauke da sunansa, don ni ba na iya wuce abu ban ƙirga ba. Na samu goma sha bakwai. Akwai kantin magani na Mai Faci, makarantar kuɗi ta Mai Faci, gidan burodi, shagon aski, har da asibitin haihuwa. Babu ko ɗaya da yake nasa. Allon Kawu wata tsohuwar taya ce da yake kafawa a bakin titi kowace safiya, ya tokare ta da dutse.

Ya zo wajen nan yana saurayi, lokacin da ake shimfiɗa kwalta. A cikin gari ya koyi faci, a hannun wani ubangida mai saurin mari. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ɗauki famfon hannu da liba biyu na cire taya da gwangwanin gam, ya biyo sabon titin yana neman inda babu mai yi. Inda ya tsaya babu komai sai gonaki da wata ƙatuwar bishiya. Ya ce ƙaya ce ta tsayar da shi. Masu aikin titi sun sassare sarƙaƙiya sun watsar a gefe, ya san duk motar da ta ɗan kauce sai ta neme shi.

Gonar da bishiyar take ciki ta wani tsoho ce. Kawu ya same shi a kan kunya yana noma, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi izinin zama a gindin bishiyar. Tsohon ya dube shi, ya dubi famfon, ya ce, "Zauna, yaro, har ka gaji." Washegari ma ya aiko masa da rabin durom, don ya riƙa zuba ruwa yana tsoma tiyub, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Waɗannan kalmomin su ne takardar filin Kawu, ba shi da wata. Mutum ɗaya ne ya ji an faɗe su, wani mai shayi da ya biyo shi ya kafa tebur, shi kuwa ya daɗe a ƙasa.

Inda mota ke tsayawa, mutum na sauka. Direbobi suka fara cewa mu haɗu wajen mai faci, kwandastoci suka ɗauka, sunan ya bi wurin. A nan Kawu ya samo wasansa. Da ya ji an ce "Mai Faci, akwai?" sai ya ɗago daga kan taya ya amsa daga gindin bishiya, "Akwai!" Direba ya taka burki, a duba a ga ba mai sauka. Direban ya leƙo ya yi masa fatan ya wuni bai ga taya ko ɗaya ba, Kawu ya ce ya je dai, ƙusarsa na gaba tana jiransa. Daga baya duk direbobin layin suka gane muryarsa, abin ya koma gaisuwa. Ranar da ba su ji ta ba, sai su tsaya su tambaya ko lafiya.

Kawu bai yi karatun boko ba, amma yana da tarihin unguwar nan a cikin wani babban gwangwanin madara. Duk abin da ya zaro daga taya, ba ya yar da shi, kada ya koma titi ya sake cin wani. Can ƙasan gwangwanin ƙaya ce zalla, ta zamanin gonaki. A samanta ƙusa, ƙusa ba iyaka, ta shekarun da tsohon ya fara yanka gonarsa yana sayarwa, kowa na kafa rufi. Sai fasassun kwalabe, lokacin da mutane suka yi yawa har suka fara tsoron juna, ana jera kwalba a kan katanga, ragowar a zubar a hanya. A can sama kuwa guntayen waya mai ƙaya, wadda ta zo da manyan gidaje masu ƙofar ƙarfe. Idan baƙo ya tambaye shi yadda unguwar take, sai ya girgiza gwangwanin ya ce ga ta nan, da ƙaya ta fara, ga shi ta koma ƙaya.

Gaskiyarsa. Unguwarmu ta masu sauri ce. Ba wanda aka binne kakansa a nan. Kowa arhar fili ce ta kawo shi, kowa katanga ya fara yi kafin ɗaki. Ba a bar filin ƙwallo ba, ba a bar hanyar ruwa ba, kowa na tura kwatarsa ƙofar maƙwabci. Lunguna sun matse har motar kashe gobara ba ta shiga. Bututun ruwa an ɗaure shi da roba, wayar wuta an haɗa ta da leda, ramin titi an cike shi da ɓaraguzan bulo. Kawu yakan ce unguwar ta ci sunanta, komai nata faci ne, sai dai facin ba na gwani ba. Amma akwai neman na kai. Kafin gari ya waye an buɗe shaguna, kuma abin da ka nema, daga allura har injin niƙa, za ka samu ba ka tsallaka gada ba.

Rabin masu gidajen farko ta hannun Kawu suka shigo. Mutum zai sauka a bas da 'yar jakarsa, ya rasa wanda zai tambaya sai mai faci. Kawu ya ajiye liba, ya raka shi wajen tsoho. In ya sayi fili, a gindin bishiya zai jibge simintinsa, Kawu ya rufe da leda in hadari ya taso. Makullan gidajen da ba a tare ba, a jikin bishiyar nan ake rataye su. Bai taɓa karɓar la'ada ba, ya ce shi ba dillali ba ne. Shi kuwa da Inna, matarsa, da 'ya'yansu mata uku, a ɗakin haya suka yi rayuwarsu, ɗaki da rumfa, suna tashi duk lokacin da mai gida ya ga unguwa ta yi daraja.

Ni ma ta hannunsa na shigo. Da tebur na fara a gefensa ina sayar da ƙusa, yau ina da shagon kayan gini mai ƙofa uku. Yakan tsokane ni wai mu biyu kamfani ɗaya ne, ni in sayar da ƙusa da safe, shi ya cire ta da yamma. Tun ina kan teburin nake damunsa. Na ce ya sayi fili ko na ɗaki ɗaya ne, ya ce filayen da suka rage suna can ciki, kuma mai facin da ya bar bakin titi ya zama mai gadi. Na ce to ya je tsoho ya rubuta masa gindin bishiyar, tunda yana da rai. Nan ya ɓata fuska.

"In je in ce dattijo ya rubuta mini? Ai na ce masa maƙaryaci ke nan."

Na ce ba shi ake tsoro ba, na bayansa. Ya ce na bayan nasa a gabansa aka haife su. Abu ɗaya na ci nasara a kai, na matsa masa har ya sayi injin iska ya huta da famfon hannu. Shi ma sai da ya yi wata guda yana harararsa.

Titi ya faɗaɗa, Kawu ya ja baya. Aka haƙa kwata, ya ƙara ja baya. Ta bayansa kuma katangar filin ta matso. Wajen da a da tirela ke juyawa ya koma 'yar kusurwa, iya bishiya da durom da benci da inji. Bai taɓa ƙorafi ba. Tayoyin zamani marasa tiyub suka zo, ya koyi cusa musu roba. Idonsa ya rage gani, sai ya koma gane huji da kunne da jiƙaƙƙen yatsa.

Tsoho ya rasu, 'ya'ya suka raba abin da ya rage. Filin bakin titi, wanda ya fi kowanne tsada, ya faɗo wa autansa. Autan nan Kawu ne ya yi masa facin ƙwallo, ya yi masa na keke, ya yi masa na babur, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wata safiya sai ga mutane da igiyar awo, suka zagaye wurin, suka shafa wa bishiya jan fenti. Aka ce Auta ya sayar wa wani kamfani, za a yi gidan mai da rukunin shaguna, kuma kafin ƙarshen wata a kwashe komai.

Kawu ya ce kuskure ne, yaron bai san an haɗa da nan ba. Ni na san ba kuskure ba ne. Na rufe shago, na sa shi ya sa rigarsa mai kyau, muka tafi gidan Auta. Ba filin muke nema ba. Kusurwar nan kawai, wadda ba ta kai faɗin ɗaki ba, a cire ta daga ciniki.

Auta ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa, ya zauna ƙasa-ƙasa yana Baba kaza Baba kaza. Ya ce shi ma abin na damunsa, amma masu kamfani fuskar titi suka saya, kuma bishiyar a tsakiyar fuskar take. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya faɗi abin da ya zo da shi, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Mahaifinka cewa ya yi in zauna har in gaji."

Auta ya yi murmushi. "To ai magana ta cika, Baba. Ni na gaji fili, kai kuma ka gaji. Dubi hannunka yadda yake rawa. Ka je ka huta, 'ya'yanka su riƙe ka."

Kawu ya dubi hannun nasa, ya mayar da shi cikin aljihu. Bai sha ruwan ba. A hanya na yi ta zazzaga faɗa, shi kuwa abin da ya ce kawai, yaron ya iya magana, ba a wajen ubansa ya koya ba.

Ban tsaya ba. Na bi gidajen da na san Kawu ne ya yi gadin simintinsu, na ƙwanƙwasa ƙofa ashirin da uku. Wasu sun mutu, 'ya'yansu suka leƙo ta ramin ƙofa suna tambayar wane mai facin. Wasu sun sayar sun tashi. Waɗanda na samu suka ce Allah sarki, ashe bawan Allahn nan yana nan. Ɗaya ya ce gaskiya injinsa na da ƙara. Wani ya ce gidan mai ci gaba ne, zai ɗaga darajar gidaje. Duk da haka na samu aka sa maganar a taron ƙungiyar ci gaban unguwa.

A ajin makarantar kuɗi ta Mai Faci aka yi taron, manya suna zaune a kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa. Na miƙe na yi bayani, na ce mu tafi gaba ɗaya wajen kamfani, ƙungiya guda ba za a ƙi jin ta ba. Ban rufe baki ba wani mai gidajen haya ya ce tunda an taɓo maganar, shi sunan ma ya daɗe yana damunsa. Wai 'yan haya masu kuɗi na jin Mai Faci sai su ɗauka unguwar talakawa ce, a canja. Mai kantin magani ya ce a kan me, shi da ya buga sunan a leda da rasit? Mai makaranta ya ce sunan na jikin bajon ɗalibansa. Aka kaure da gardama har aka kusa ba hammata iska. Kawu na zaune a baya kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa, ana ta jan sunansa kamar kare biyu da ƙashi, ba wanda ya waiwaya. Da aka ƙirga hannu, masu son a bar suna suka yi rinjaye. Aka yi tafi. Shugaba ya ce lokaci ya ƙure, batun wurin sana'a kuwa tsakanin mai fili ne da mai saye, ƙungiya ba ta shiga. Da za a fita wani ya dafa kafaɗar Kawu ya ce ya gode wa Allah, an ceci sunansa.

Saura manajan kamfani. Na same shi a wurin, da hular kwano da takalmin roba. Mutum ne mai fara'a. Ya nuna mini zanen ginin, ga famfunan mai, ga shaguna, ga wani sashe na gyaran taya da injuna masu aiki da kansu. A saman zanen an rubuta sunan wurin da manyan baƙaƙe: Mai Faci. Ya ce sun bincika, sunan ya karɓu, ba sai sun yi talla ba. Na ce to ga mai sunan can a gindin bishiya, a ba shi ko kujera ce a sashen tayar, ya san kowane direba a layin nan. Ya leƙa ya dubi Kawu, da rigar aikinsa da ta sha baƙin mai, ya ce ai ya ɗauka sunan na tarihi ne. Sannan ya ce ma'aikatansu matasa ne masu yunifom, amma ranar buɗewa za su so Baba ya zo a ɗauki hoto.

Da na gaya wa Kawu, ya ce hoton da wace fuskar?

Na ce ya dawo ƙofar shagona. Ya zo ya duba, ya ce shagona a lungu yake, motar da ta yi faci ba ta shiga lungu neman magani. Muka bi titin sama da ƙasa, duk taku ɗaya na bakinsa da mai shi, wanda ba na kanti ba na hukuma ne, masu kwashe kayan mutane. A unguwar da ya fara, ba a samu inda zai kafa taya ɗaya ba.

Ranar tashi da hantsi na kawo motar ɗaukar kaya. Ya kwance injin da kansa. Ya tuntsurar da rabin durom ɗin, baƙin ruwan ya gangara kwata, sai ga gindinsa duk faci ne, wani kan wani. Ya ɗauki gwangwaninsa ya rungume. Tayar da ke bakin titi kuwa ya ce a bar ta, ba tasa ba ce, ta hanya ce. Kafin mu gama ɗaure kaya masu zarto sun iso. Wata bas ta wuce, kwandasta ya yi kiransa, direban ya rage gudu yana jiran amsa. Kawu na duƙe yana ɗaure igiya, bai ɗago ba.

Ba sana'a, ba haya. Shi da Inna suka koma gidan babbar 'yarsu a can ƙarshen gari, ɗakin da ke kusa da ƙofa, wanda a da ake ajiye buhuna. Surukin mutumin kirki ne, amma Kawu bai saba cin abin hannun suruki ba. Inna ta ce da asuba yake tashi ya sa rigar aiki, ya zauna a bakin gado, sai rana ta ɗaga ya cire. Injin na tsakar gida an rufe shi da buhu, jikoki na hawa.

Ranar buɗe gidan man an aiko a ɗauke shi, ya ce a ce ba ya nan.

Bayan 'yan watanni idon ya matsa masa, na je na ɗauko shi zuwa asibiti. Motata na wajen gyara, sai muka hau bas, kuma ba wata hanya sai ta unguwarmu. Na ba shi gefen taga. Muna gangarowa daga gada na ga ya gyara zama. Ga gidan man nan fes, an shafe ƙasa da siminti, inda bishiya take an kafa dogon allo mai fitila da sunan a jiki. Kwandastan sabon yaro ne, direban ma ban san shi ba. Yaron ya bubbuga jikin mota.

"Mai Faci, akwai?"

Kawu ya ce, "Babu."

Bai ɗaga murya ba, amma direba ya ji, ya taka mai. Sai wata mata a baya, da kaya niƙi-niƙi a cinya, ta ce akwai mana, akwai, ina za a kai ta? Kafin a tsaya an wuce da nisa. Ta sauko tana mita, ta zagayo ta taga ta ce, "Tsoho, wa ya tambaye ka? Gidanku ne?" Fasinjoji suka yi dariya. Kwandasta ya rufe ƙofa ya ce, "Baba, in ba ka san gari ba ka riƙa yin shiru."

Na buɗe baki zan gaya musu ko wane ne. Kawu ya danne mini gwiwa da hannun nan mai rawa, ya ce wa yaron ya yi haƙuri, baƙo ne shi.